Ɓera Ne, In Ji Ramose Totozafy

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

A sani, a kuma shaida, tun daga bakin kogi har gindin tudu, cewa ni Ramose Totozafy, tsohon shugaban makarantar firamaren Ambodivoanio, mamallakin littattafai ɗari da goma sha huɗu ban da ukun da gara ta riga ni karantawa, jagoran baƙi a dajin nan shekara goma sha ɗaya, na duba kwakwar da na tsinta yau da asuba a gindin bishiyar bayan gidana. Na juya ta gabas, na juya ta yamma, na sa mata tabarau. Hukuncina, wanda babu ɗaukaka ƙara a bayansa, shi ne: ɓera ne ya huda ta.

Gaskiya ne an yage ɓawon da haƙora biyu kacal, an kuma kwashe naman ciki tas, kamar da cokali mai dogon hannu. Wannan ba ya nuna komai sai cewa ɓerayen zamani sun sami ci gaba.

Yau kwana tara ina dafa wa kaina shinkafa. Maman Vola tana Fenoarivo tare da 'yarmu Vola, a wani gini mai farin fenti da wasu ke kira asibiti. Tsintsiyarta na jingine inda ta bar ta. Ban taɓa ta ba, domin kowane ma'aikaci da kayan aikinsa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Baƙona ya iso. Sunansa Mesiye Okabe, mutumin Japan, mai gyaran agogo da ya ajiye aiki, shekararsa saba'in da ɗaya. Ya zo da dare goma sha huɗu da buri guda: ya ga hayhay da idonsa. Faransancinsa guntu-guntu ne, nawa kuwa ya fi ƙarfin ƙauyen nan, don haka mun haɗu a tsakiya.

Na yi masa laccar da na saba. Ɗan birin dare ne, mai kunnen jemage da haƙorin ɓera da wutsiyar da ta fi shi girma, sai yatsan tsakiya siriri kamar busasshen tsinke, wanda yake ƙwanƙwasa itace da shi yana sauraron tsutsar da ke ciki. A shekara goma sha ɗaya sau huɗu na gan shi, duk a can cikin daji. Mesiye Okabe ya saurara har ƙarshe, abin da ɗalibaina ba su taɓa yi ba, sannan ya ce ashe abokin sana'arsa ne, tunda shi ma da kunne yake gane abin da ke damun agogo kafin ya buɗe shi.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Dare biyu muna dajin arewa. Mun ga mujiya, mun ga hawainiya tana barci, mun ga matsattsaku ashirin da shida, dukansu a ƙafafunmu. Baƙona yana cire su ɗaya bayan ɗaya da ladabi, kamar mai sallamar 'yan uwa.

Na dawo na tarar da kwakwa biyu a gindin bishiya. Na ajiye su a bayan littattafan tarihin Rumawa, inda na tabbata babu mahalukin da zai leƙa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Bezara, ƙanin matata, ya zo aron tabarmar shanya kanumfari. Mutum ne da Ubangiji ya ba faɗin kafaɗa ya rage masa a wani wurin. Na koyar da shi shekara uku a aji ɗaya. Ya zagaya baya don ɗauko tabarmar, sai na ji shiru, shirun da ban taɓa ji daga gare shi ba. Ya dawo riƙe da kwakwa a ganyen ayaba, don kada ta taɓa fatarsa. Ta faɗo ne bayan na gama bincikena na safe.

"Baban Vola, mene ne wannan?"

Na ce kwakwa ce, kuma na yi farin ciki da karatunsa ya kai nan.

"Ka bar ni da Faransancinka. Wa ya ci ta?"

"Ɓera."

"Ɓeran nan da tabarau yake aiki, irin naka?"

Daga nan ya karanto mini abin da kowane yaro a gaɓar nan ya sani. Hayhay na daji ne. Ranar da ya baro daji ya shigo gari, saƙo ya kawo, kuma gidan da ya sauka nan ne saƙon zai sauka. Magani ɗaya ne: a kashe shi, a rataye shi a kan gora a mararrabar hanya, matafiya su gan shi su kwashe masifar su tafi da ita can nesa. Ya ce shekara da shekaru ina bin abin nan har ɗakin kwanansa da fitila, to ga shi ya rama ziyara. Ya ce ba a taɓa ganin kwakwa irin wannan a gidana ba sai da aka ɗauki yayarsa a mota, ko an taɓa?

Na ba shi amsa mai sassa huɗu. Ya tafi tun ina sashe na biyu, ya kuma manta tabarmar.

Ba a taɓa gani ba. Wannan na rubuta shi ne don cikar tarihi kawai.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da asuba

Ɓera ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na hau tudun coci, inda waya take kamawa. Abin takaici ne a ce ƙasar da ke ciyar da duniya kanumfari sai ɗan ƙasa ya hau tudu kafin ya ji muryar 'yarsa, kuma ina da niyyar rubuta wa hukuma takarda a kan haka.

Vola ta ce likitoci sun sa ranar Alhamis za su yi aikin. Ta ce uwarta tana barci, ko in jira ta tashe ta? Na ce kada a tashi mai barci, ilimin likitanci ya hana. Ta tambaye ni yaushe zan zo. Na tuna mata cewa ina da baƙo, kuma alkawari alkawari ne. Ta ce, "To, Baba." Tun tana yarinya ta iya faɗin kalmomin nan biyu ta yadda za su yi wa mutum nauyi kamar buhun shinkafa.

Saukowa ta fi hawa wuya. Gwiwa ce.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

A coci bencin da nake zama ya yi mini faɗi ƙwarai. Maƙwabta sun janye tabarmin kanumfarinsu daga gefen shingena, wai rana ta fi kyau a can. Na lura rana ɗaya ce.

Bayan an tashi, Dadilahy Jaomaro ya aiko a kira ni. Shi ne tangalamenan ƙauyenmu, mai riƙe da sandar kakanni, shi ke yi musu magana a madadinmu. Ya haura tamanin, bai taɓa karanta harafi ba, kuma ban taɓa cin nasara a kansa a gardama ba, abin da nake dangantawa da rashin jinsa.

Na tsaya a gaban dattawa na yi jawabi. Na kawo misalin mutanen da da suke kaɗa ganguna don su ceci wata daga husufi. Na kawo na sarakunan da suka fasa yaƙi saboda kaji sun ƙi cin tsaba. Na ce dabba ce mai neman abinci, ba ta san sunan kowa ba, ba ta san hanyar Fenoarivo ba. Na ce doka ta hana taɓa ta. Na ce muddin ina numfashi babu mai hawa bishiyata, ko da a ce akwai wani abu a kanta, alhali babu.

Dadilahy ya bar ni na gama. Ya ce, "Ramose, ɗana, ka yi magana mai kyau, har na so a ce na ji rabinta. Ga tawa gajeriya. In kai ne da gaskiya muka kashe shi, an yi asarar dabba ɗaya. In mu ne da gaskiya ka hana mu..."

Ya ƙarasa maganar. Ba zan rubuta ƙarshenta ba, domin ginin jimlar bai yi kyau ba.

Sun ba ni zuwa daren Laraba. Maigida ne ya kamata ya yi da hannunsa. In na ƙi, Bezara zai yi.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan faɗuwar rana

Na zagaya baya ɗauko takalman daji, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas a sama, da sauri kamar mai buga keken rubutu. Na ɗaga fitila.

Bai fi kamu goma daga kaina ba. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Idanunsa biyu kamar garwashi, gashinsa a hargitse kamar wanda aka tasa daga barci don ya ba da shaida. Ya dube ni. Ya ɗaga hannu.

An ce wanda ya nuna da yatsan nan, kwanansa ya ƙare, amma bai nuna ni ba. Kunnensa yake sosawa. Ina so a rubuta wannan da kyau: kunnensa yake sosawa, kuma ɗakin kwananmu ya kasance a wannan ɓangaren ne kawai.

Na kai Mesiye Okabe dajin kudu, tafiyar awa uku. Ba mu ga komai ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Baƙona ya ƙi kwanciya bayan mun dawo. Ya zauna a barandata yana shan ruwan ƙanzon da na dafa, wanda ya fi kama da hukunci. Ya ce ya lura kullum in za mu wuce bayan gidana sai in ƙara sauri in kuma fara lacca da ƙarfi. Ya ce jiya da rana ya nemi tarihin Rumawa don ya rage lokaci.

Na ce masa kwakwa bakwai ɗin nan tarin bincike ne.

Bai yi dariya ba. Ya ce mai masaukinsa ta gaya masa komai, da hannu da ido. Ya juya kofin a tafinsa, sannan ya ce, "Ni ranar da tawa matar ta rasu ina kanti. Agogon wani nake gyarawa. Na gyara shi da kyau."

Na tashi na duba shinkafa, ko da yake ban ɗora ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, kafin asuba

Na wasa adda. Ciyawa ta yi yawa a bakin shinge.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Na tsaya a gindin bishiya da addar har gari ya waye. Gidansa na can a tsakiyar ganye, dunƙulen ƙirare kamar kwandon da aka saƙa da fushi. Yana ciki yana barci. Hawa ɗaya ne, sara ɗaya.

Ga abin da ya hana ni, kuma ba doka ba ce, ba littafi ba ne. In na sare shi, na yarda ke nan cewa saƙo ya kawo. In saƙo ya kawo, to akwai abin da aka rubuta a cikinsa, kuma ni na sa hannu na karɓa. Ba zan karɓa ba. Babu wanda ya aiko wa gidan nan komai. Matata ta tafi a gyara mata ciki ne ta dawo ta ci gaba da gaya mini cewa na cika surutu.

Bezara ya riga ya kafa gorarsa a mararraba. Na gan ta da na fito neman mota. Ya fere ta da kyau, aikin da ya fi duk wanda ya taɓa yi mini a aji.

Matsalar ita ce in na tafi babu mai tsaron bishiya. Na koma gida ina wannan tunani, sai na tarar Mesiye Okabe ya fito da kujerata ta malanta, ya kafa ta a gindin bishiyar, ya jingina bayansa da ita, ya buɗe lema. Ya ce ƙafafunsa sun gaji da daji, nan zai huta kwana uku, kuma daga yau ya manta Faransanci gaba ɗaya. A ƙauyen nan ba a tsallake baƙo, balle tsoho, balle a hau bishiya a kansa da makami.

Motar ƙarfe tara.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Sun shiga da Maman Vola ɗakin tiyata. Ta ga na zo. Ta ce rigata a juye take.

Ƙarfe goma sha ɗaya

Bangon nan yana da tsaga goma sha bakwai.

Ƙarfe ɗaya

Goma sha takwas.

Ƙarfe biyu da rabi

Ta fito. Tana numfashi. Vola ta ce in zauna kafin in faɗi, na ce ba faɗuwa nake ba, ƙasa nake dubawa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da yamma

Ta farka sosai wajen la'asar. Na shirya jawabi tun a mota. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, da murya kamar ta sauro, "Baban Vola, kana share gindin kwakwa?"

Na ce shara ba fannina ba ce.

Ta rufe ido. Ta ce, "To an gani ke nan. Sun taɓa shi?"

Na ce wa?

"Maƙwabcin. Kada ka yi mini fuskar shugaban makaranta, cikina a ɗinke yake."

Abin da ya biyo baya na rubuta shi ne a kan tilas. Shekara bakwai ke nan yana zuwa bishiyar nan, tun daminar da Vola ta yi aure. Yakan yi wata biyu ko uku, ya tafi, ya dawo. Kowace asuba, kafin in gama barcin gajiyar daji, takan tsince kwakwar da ya huda ta share ɓawon. Na tambaye ta ina take kai su. Ta ce murhu. Ta ce shinkafar da nake ci shekara bakwai, wadda nake cewa babu irinta a gaɓar nan, da ragowar abincinsa ake dafa ta. Wanda ya yi saura tana tarawa a ƙarƙashin tsohon kwalekwalen da ke kife a bayan kicin, saboda damina.

Na tambaye ta, cikin natsuwar da ta dace da matsayina, me ya sa ba ta gaya wa masanin hayhay ɗaya tilo da ke lardin nan ba, alhali gado ɗaya suke kwana.

"Da na gaya maka, da ka tara mini Turawa a bayan kicin da fitilu suna taka mini barkono. Kafin sati ƙauye ya ji, su rataye bawan Allah. Kai ba ka iya sanin abu kai kaɗai ba."

Na ce ita ba ta ji tsoro ba? Ta ce ta ji, shekarar farko. Ta jira a mutu, ba a mutu ba, sai ma aka haifi jika. Daga nan ta ɗauka yunwa ce ta kawo shi, kamar kowa.

Ashe ba zuwa ya yi don ta kwanta ba. Kwanciya ta yi, aka rasa mai shara.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Na dawo jiya. Mesiye Okabe yana nan a kujerarsa, sauro ya mai da fuskarsa taswira. An ce daren Laraba Bezara ya zo da mutum huɗu da igiya, ya yi masa bayani da yarenmu na Malagasi, da Faransanci, da hannu. Tsohon ya yi ta sunkuyar da kai yana murmushi, ya kuma miƙa musu biskit. Sun ci, sun tafi.

Yau na gayyaci Dadilahy Jaomaro da dattawa bayan kicin. Ban yi jawabi ba, abin da ya sa wasu suka ɗauka ba ni da lafiya. Na ce Bezara ya ɗaga kwalekwalen, tunda abin da aka halicce shi don shi ke nan. Ya ɗaga. Ga su nan tuli, sun fi ɗari biyu, kowace da raminta, na ƙasa har sun yi baƙi sun fara zama ƙasa.

Dadilahy ya tona da sandarsa har ƙasa. Ya ɗauki wata tsohuwa ya murƙushe ta a hannu. Ya tambayi shekara nawa, na gaya masa. Ya ƙirga abin da ya faru a gidan a shekarun nan: aure ɗaya, jikoki biyu, kanumfari mai kyau sau uku, mutuwa babu, sai agwagwa.

Ya ce, "Wanda aka aiko yakan faɗi saƙonsa ya koma. Wannan ya shekara bakwai yana ci a gidan, an kuma dafa da abin da ya rage. Ban san me kakanni suke kiran irinsa ba, sai na tambaye su. Ka kawo zuma da giyar rake ranar Asabar."

Bezara ya ce to gorar fa? Dadilahy ya ce ya kai wa yayarsa ta shanya kaya.

Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya, irin ragewar kurma, wadda aka ji har bakin kogi. Ya ce kada in ɗauka littattafaina ne suka yi nasara, tsintsiyar matata ce. Ya ce mutanen ƙauyukan sama ba za su gane wannan ba, in suka ji za su daina sayen shinkafarmu. Saboda haka babu mai kallon saman bishiyar nan, babu mai kawo baƙi da fitila, kuma duk wanda ya tambaya me ke huda kwakwar Ramose, amsar ƙauye ɗaya ce.

Na ce wace amsa?

Ya ce, "Ɓera ne. Ba kai ka faɗa ba?"

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Mesiye Okabe ya tafi da motar asuba. Ya ga hayhay dare uku a jere daga kujerata, ba tare da matsattsaku ko ɗaya ba. Bai ɗauki hoto ba. Ya ce ya saurari aikinsa, kuma hannun dabbar ya fi nasa.

Na hau tudu jiya da yamma. Vola ta ce uwarta ta sha romo cokali shida. Likita ya ce sun cire abin da suka gani, sauran bayani sai bayan wata guda, in sakamako ya dawo daga babban birni. Ban san me zai ce ba. Na dai san ba a bishiyata aka rubuta shi ba.

Saboda haka kotun gidan nan ta zauna yau da asuba, ni ne alƙali, ni ne wanda ake tuhuma. An same ni da laifin jan baƙi cikin ƙaya shekara bakwai neman abin da ke cin abinci a bayan kicin ɗina. Hukunci: zan riƙa share gindin kwakwa kowace asuba, har ranar da mai tsintsiya za ta dawo ta ƙwace ta daga hannuna ta ce ban iya ba. Na fara yau. Ban iya ba.

An kuma same ni da laifi na biyu, wato ɓata sunan wani bawan Allah da bai ci ba bai sha ba, wanda yanzu ƙauye guda zai ci gaba da yi masa ƙazafi har abada a kan shaidata. Tara: ƙwayar gyaɗa bakwai, a ajiye a bayan tarihin Rumawa, a biya ɓera.